Wa ke riƙe da hannun mai cire mana haƙori?



Duk wanda ya taɓa kwana da ciwon haƙori ya san ba ciwon da ake yi wa taurin kai ba ne. Ciwon kai a kan ɗaure shi da ɗankwali a fita neman na cefane, ciwon baya a kan jingina da buhu a ci gaba da awo, amma ranar da matauni ya tashi da tsakar dare, to ko gobe Lahadi ce, ranar da kasuwar Tawa ke cika ta batse, sai an bar wa yaro rumfa. Mai wannan ciwo ba ya tayi, ba ya neman ragi. Abin da aka ce ya biya shi zai biya, wanda aka ce a cire shi za a cire. Masu manyan kuɗi a Amurka da Turai sun daɗe da lura da haka, shi ya sa tun wajen ƙarshen shekarun 1990 suka shiga buɗe asibitocin haƙori da sayen waɗanda ke akwai, suna tara su ƙarƙashin kamfani guda.

Abin ba zai yi muku wuyar ganewa ba. Kun san yadda Nita ko Al Izza ko Rimbo suke: suna ɗaya, fenti ɗaya, reshe a kowane gari, ma'aikaci yana zaune a bayan kanta amma lissafi yana tafiya Yamai. To haka aka yi da asibitin haƙori. A Amurka akwai kamfanin Heartland Dental, wanda wani likitan haƙori ya kafa a 1997, asibitocin da ke ƙarƙashinsa sun haura 1,500, kuma a 2018 wani gidan jari mai suna KKR, wanda sana'arsa ita ce sayen kamfanoni da sayar da su, ya sayi mafi yawan hannun jarinsa. Akwai kuma Aspen Dental, na 1998, mai rassa fiye da 1,000. A takarda, dokar jihohi da yawa a can ta ce likita ne kaɗai zai mallaki asibitin, shi kamfani hidima kawai yake yi masa. To amma idan suna na kamfani ne, talla ta kamfani ce, ma'aikata shi ke ɗauka, littafin kuɗi yana hannunsa, ai kowa ya san wane ne mai gida. Likitan yaron shago ne, sai dai yaron shago mai babbar takardar karatu.

Wani zai ce, ina ruwan Ba'adare da wannan labari, mu da likitan haƙorin ma nemansa muke yi ruwa a jallo? Gaskiya ne. Mutumin Barmu ko Takanamat ko Affala idan haƙori ya matsa masa, da kanumfari yake farawa, ya koma ga ƙwayoyin ƴan tebur, in abin ya ƙi ya nemi wanzami da awartakinsa. Sai fuska ta kumbura, baki ya ƙi buɗuwa, sannan a nemi mota zuwa babban asibitin jiha a Tawa. Na Abalak sai ya sha tafiyar kilomita fiye da 130. Mai hali ya wuce Yamai, inda yawancin likitocin haƙorin ƙasar nan suke, ko ya bi ta Ƙonni ya shiga Sakkwato.

Sai dai duk ɗan kasuwa ya san inda buƙata ta yi yawa kaya suka yi kaɗan, nan jari ke nufa. Kilinik masu zaman kansu suna ta ƙaruwa a biranenmu, kuma kuɗin ciranin da ƴaƴan Adar ke turowa daga Abijan da Kwatano da Lome da Libiya da Aljeriya, bayan gidaje da manyan motoci da gidajen mai, wata rana za su nemi sabuwar ƙofa. Ranar da wani Alhaji zai buɗe asibitin haƙori a Tawa, ya ƙara na biyu a Ƙonni, na uku a Madawa, ya ɗauko samarin likitoci ya zuba, a ganinmu ba ta da nisa. Wataƙila ma Alhajin yana cikin masu karanta wannan shafi. Shi ya sa muka ga ya dace mu leƙa cikin gidajen waɗanda suka riga mu, mu ga yadda mai gida ke tafiyar da ma'aikatansa, domin daga nan ne alheri ko ɓarna ke sauka a bakin mara lafiya.

Yadda ake wuni a cikin gidan

A irin waɗannan rassa, kafin mara lafiya na farko ya shigo, a kan yi ɗan taro da safe. Manaja, wanda sau da yawa bai taɓa karatun likita ba, yana riƙe da takardar lissafi: jiya an yi cinikin kaza, yau ana son kaza, wata ya raba ga inda aka tsaya. Ana bin sunayen masu zuwa a ranar, a ga wa aka taɓa gaya wa yana buƙatar aiki bai dawo ya yi ba. Likita kuwa, a wurare da yawa, ba albashi tsayayye kaɗai yake ci ba, kaso ake ba shi daga kuɗin aikin da ya yi, wato kamasho. Kwamfuta tana ƙirga komai, haƙora nawa ya cike, hula nawa ya sa, mutum nawa ya gani a wuni. Can hedkwata ana jera rassa, wannan shi ne na ɗaya, wancan shi ne na ƙarshe, na ƙarshen kuwa sai ya ji kira a waya.

Bayan likita ya gama dubawa, ba shi ke maganar kuɗi ba. Sai a wuce da mutum wani ɗaki wurin wata mai fara'a, wadda aikinta shi ne ta sa ya yarda da dukan aikin da aka lissafa masa, in ba shi da kuɗi ta cika masa takardar bashi nan take. Su suna da sunan da suke kiranta mai daɗin ji. Mu a kasuwa sunanta dillaliya.

Kada a fahimce mu a baibai. Kamasho ba laifi ba ne, la'ada ma halas ce, da su kasuwa ke tafiya tun kaka da kakanni. Amma Hajiya mai atamfa, ki dubi bambancin. Mai sayen atamfa tana gani da idonta, tana murzawa da hannunta, ta san mai zuba ta san wadda ba ta zuba, in kin tsawwala ta wuce rumfa ta gaba. Mai ciwon haƙori ba ya ganin cikin bakinsa. Wanda zai gaya masa abin da yake buƙata shi ne kuma mai sayar masa da shi. In an ce masa haƙora huɗu ne suka ruɓe alhali ɗaya ne, da me zai musa? Sa'an nan atamfa in an cuce ki kuɗi ne suka tafi, gobe ki mayar da su a wani cinikin. Haƙorin babba in ya fita ya fita ke nan. Babu abin da ke tsakanin mara lafiya da cuta sai amanar likita, likitan kuwa idan hayar gidansa da abincin iyalinsa suna rataye da adadin haƙoran da ya taɓa a wata, to an ɗora wa amanar nan kayan da ba kowa ke iya ɗauka ba.

Ba zato muke yi ba, abin ya faru. A watan Janairu 2010 kamfanin FORBA, mai tafiyar da asibitocin yara 69 masu suna Small Smiles a Amurka, ya yarda ya biya dala miliyan 24, dalar Amurka fa, ba tamu ta sefa biyar ba. Gwamnati ta zarge su da yi wa ƴaƴan talakawa aikin da ba su buƙata, irin su kashe jijiyar haƙoran yarinta, waɗanda za su famfare da kansu, da sanya musu hular ƙarfe, saboda asusun gwamnati mai suna Medicaid ne ke biya, uwa ba ta ganin kuɗin balle ta yi gardama. Shekara takwas bayan haka, a Janairu 2018, kamfanin Benevis da asibitocinsa na Kool Smiles, fiye da 130, suka biya dala miliyan 23.9 a kan irin wannan zargi. Ma'aikatar shari'ar Amurka ta ce ana hukunta likitan da aka ga ba ya kawo ciniki, ana ba mai kawowa tukuicin kuɗi, kuma da likitocin da kansu suka yi kuka ba a saurare su ba. Kamfanonin sun biya ne don a kashe magana, ba su amsa laifi ba. Wani abin lura shi ne, cikin waɗanda suka kai ƙarar nan akwai mutanen da suka yi aiki a cikin gidajen. A 2015 ma hukumar shari'a ta jihar New York ta sa Aspen Dental ya biya dala 450,000, ya kuma ɗauki alkawarin cire hannunsa daga shawarar da likita ke yankewa a kan mara lafiya.

Labarin marasa haƙora na Faransa

Wanda ya fi kusa da mu shi ne na Faransa, tun da tsarin asibitocinmu da dokokinmu da yawa daga can suka samo asali. A 2009 aka yi wata doka a can wadda ta sauƙaƙa buɗe cibiyoyin lafiya, aka daina neman izinin hukuma tun daga farko. Niyyar mai kyau ce, wai talaka ya samu likita kusa kuma da araha. Sai ga Dentexia ta bayyana, da rassa a Paris da Lyon da Chalon da wasu garuruwa. Wanda ya kafa ta ba likitan haƙori ba ne, gwanin harkar ciniki ne. A takarda ƙungiya ce da ba ta neman riba. Abin da ta fi tallatawa shi ne dashen haƙori a kan kuɗi ƙasa ƙwarai da na sauran likitoci, da sharaɗin a biya tun kafin a fara aiki, wanda ba shi da kuɗi a haɗa shi da gidan bashi. Jaridun Faransa sun ruwaito cewa an sa wa kowane likita ya kawo cinikin yuro 90,000 a wata, wato kusan sefa miliyan 59. Ku da kuka san lissafi, ku raba wannan a kan kwanakin aiki na wata guda ku ga baki nawa za a buɗe.

Ƙarshenta hukumomin lafiya suka rufe wasu rassan saboda rashin tsabtar kayan aiki, a watan Maris 2016 kuma kotu ta rushe ƙungiyar baki ɗaya. Mutum fiye da 2,000 aka bari a tsakiyar ruwa. Wasu an cire musu haƙora duka da alkawarin dashe, dashen bai zo ba, bashin kuwa yana nan ana cirewa kowane wata. Har suna aka sa musu a jaridu, marasa haƙora. A ƙasar Sifen ma haka ta faru da iDental, mai rassa 24, wadda ta yi suna da tallan taimakon talaka, tana ɗaukar yara sababbin fitowa daga makaranta suna aiki, ta rufe ƙofofinta a 2018 ta bar dubun dubatar mutane da rabin aiki da cikakken bashi.

Faransa ba ta farka ba sai da aka sake samun wata badaƙalar a 2021, ta Proxidentaire, kusa da birnin Dijon da kuma Belfort. Sa'an nan aka yi dokar 19 ga Mayu 2023, wadda ake kira da sunan ƴar majalisar da ta kawo ta, Fadila Khattabi. Ku ji abin da ta ƙunsa, domin kusan duk a kan zaman ma'aikata da mai gida ne. An dawo da neman izini kafin buɗewa. Dole cibiya ta miƙa wa hukuma takardun karatu da kontirar likitocinta. Dole likitocin su sami kwamitinsu na kansu mai kula da ingancin aiki. Dole kowane ma'aikaci ya rataya sunansa da aikinsa a ƙirji, don mara lafiya ya san wa ya taɓa shi. Kuma an hana karɓar dukan kuɗin aiki tun ba a yi shi ba. Shekara bakwai ke nan bayan faɗuwar Dentexia.

Mu kan manta da shi kansa ma'aikacin

Idan ana wannan labari, tausayi duk kan tafi ga mara lafiya, wannan kuwa daidai ne. Amma a dubi yaron da ya ƙare karatu, shekara shida ko fiye, ba shi da jarin sayen kujerar aiki da na'urar hoto da tukunyar dafa kayan aiki, abin da ke cin miliyoyi. Kamfani ya ba shi duka, ya ba shi marasa lafiya, ya ba shi kuma adadin da zai cika. Babu babban likita a kusa da zai tambaya idan aiki ya rikice, sai manaja mai duban agogo. In ya ce wannan haƙori a bar shi a gani nan da wata shida, an ce ba shi da ƙwazo. Masu zuciya su kan yi shekara ɗaya ko biyu su tafi, a kawo wani sabo, shi ya sa mara lafiya kowane zuwa sai ya tarar da baƙuwar fuska, wanda ya fara aiki daban, wanda zai ƙarasa daban, in an samu matsala kuma kowa ya ce ba shi ba ne.

Ƙasa da likita akwai yarinyar da ke miƙa masa kaya, ta wanke, ta dafa su a na'ura. Ita ce mafi ƙarancin albashi a gidan, amma lafiyar kowa a hannunta take. Dafa kayan aiki yana cin lokaci, ba ya kawo ko dala. Idan an cusa mutum talatin a lokacin mutum goma sha biyar, nan ne ake fara yanke hanya, ta nan kuwa ciwon hanta da sida ke iya bi daga wannan baki zuwa wancan. Yarinyar da ba ta da kontira, wadda za a iya kora da kalma ɗaya, ba za ta iya cewa a dakata kaya ba su dahu ba.

Adalci ya sa mu faɗi ɗaya gefen. Likita mai zaman kansa ma ba waliyyi ba ne. A 2022 kotun Marseille ta ɗaure wani likitan haƙori shekara takwas saboda lalata haƙoran lafiya na mutum fiye da 300 don neman kuɗi, kuma ba wani kamfani a kansa, son zuciyarsa ne. Haka nan gida mai rassa yana da amfaninsa: yana sayen kaya a sari ya same su da sauƙi, yana iya ajiye injin wuta don ranar da Nigelec ta ɗauke, yana iya tura ma'aikata ƙaro ilimi, kuma likita mace mai goyo ta fi samun natsuwa inda aka san lokacin shiga da na tashi. Akwai likitoci da yawa da ke aiki a irin waɗannan kamfanoni cikin mutunci. Abin da ke raba mai kyau da mugu shi ne wa ke da kalmar ƙarshe a kan bakin mara lafiya.

Akwai kuma abin da ya shafi mutanen arewacin Adar kai tsaye. Kamfani yana buɗe reshe inda ciniki yake, yana rufewa inda babu. A Ingila kamfanin Bupa ya sayi rukunin asibitocin Oasis a kan fam miliyan 835, amma a watan Maris 2023 ya ba da sanarwar rufewa ko sayarwa ko haɗe rassa 85, yana kukan ƙarancin likitoci da tsadar aiki. In Ingila ta ga haka, kada mutumin Kao ko Cintabaradan ya sa rai kamfani zai kawo masa kujera ƙofar gida. Wannan nauyi yana kan gwamnati, kuma ragin rabin kuɗin aiki da ta yi a asibitocinta a 2024 ba zai amfani mai ciwon haƙori sosai ba sai in akwai likitan da kayan aikin a wurin.

Alhaji mai niyyar zuba jari

Ranka ya daɗe, a kasuwancinmu na gado muna da tsari mai kyau. Mai gida yana ci da yaronsa, yana yi masa sutura, ya yi masa aure, in ya yi shekaru yana riƙon amana ya sallame shi da jari. Ba a auna yaro da cinikin rana ɗaya, da halinsa ake auna shi. Wannan ya fi dacewa da asibiti fiye da tsarin kwamfutar Amurka. Amma muna da wata al'adar da ba za ta yi ba a nan, ta ɗauko ƙane ko ɗan ɗaki a zaunar a kan kuɗi ya zama shi ne wuƙa shi ne nama. Ya riƙe akwatin kuɗi, babu laifi. Ranar da ya fara leƙa ɗakin likita yana cewa me ya sa yau ba a cire da yawa ba, ranar asibitin ya zama mahauta.

A ba likita albashi tsayayye wanda zai riƙe shi ko da ya wuni yana cewa mutane haƙoranku lafiya lau. In za a ƙara masa wani abu, a ƙara a kan mutanen da suka dawo suna godiya, kada a ƙara a kan yawan abin da ya cire. A rubuta kontira, a sa kowa a CNSS, har mai shara. Mafi ƙarancin albashi a ƙasar nan jika 42 ne tun Janairu 2024, mai dafa kayan aiki kuwa ta fi ƙarfin mafi ƙaranci. Kuma kafin a aza tubali a je ofishin kiwon lafiya na jiha a ji sharuɗɗan buɗewa, a tabbata sunan likitan yana cikin rajistar likitoci ta ƙasa. Wanda yake son jarinsa ya dawo cikin wata shida, gara ya sayi albasar Galmi ya ajiye.

Ku kuma iyayenmu mata, basirar da kuke shiga kasuwa da ita kada ku ajiye ta a ƙofar asibiti. Ki tambayi sunan wanda zai taɓa ki, ki tambaya likita ne ko mataimaki. In an lissafa miki aiki mai yawa, ki ce a rubuta miki a takarda, haƙori kaza kuɗi kaza, ki tafi da ita gida. Kada ki zube kuɗin adashinki gaba ɗaya a kan aikin da za a yi wata uku ana yi, ki biya na yau yau, na gobe gobe, ki karɓi resi kowane biya. In kin je da ciwon haƙori ɗaya aka ce uku za a cire, kuma ba kumburi ba zazzaɓi, to babu gaggawa, ki je babban asibiti wani ya sake dubawa. Likitan kirki ba ya fushi da wannan. Ki kuma lura da wuri: idan duk zuwa sabon likita kike tararwa, akwai abin da ke korar su. Amma in fuska ta kumbura har tana neman ido ko wuya, ko baki ya ƙi buɗuwa, wannan ba lokacin tayi ba ne, a nufi asibiti a daren.

Mu ma'aikatan rediyo mun san yadda talla take, kuɗi ake biya a karanta, murya mai daɗi ba shaida ba ce a kan aiki mai kyau. A Faransa doka ta hana cibiyoyin lafiya yin talla. Mu nan ba mu da wannan katanga a kunnuwanmu, don haka in kun ji ana cewa rangwame na mako ɗaya, ku tuna haƙori ba tumatir ba ne da zai ruɓe in ba a saya yau ba.

Aikin da ba ya kawo ciniki

Abin da ya fi damunmu da tsarin ƙirga ciniki shi ne, aikin bakin da Adar ta fi buƙata shi ne wanda ba ya kawo kuɗi. Zaunar da uwa a nuna mata yadda za ta goge wa yaro baki, gaya wa mai shayi uku a jere da sukari cike da kofi abin da yake yi wa haƙoransa, ƙarfafa wa mutane riƙon asuwaki, buɗe bakin yaro mai tamowa a duba dasashinsa, duk wannan kwamfutar manaja sifili take rubuta masa. Alhali a ƙasarmu akwai cutar noma, mai cin baki da fuskar yara, galibi ƴan shekara 2 zuwa 6 waɗanda yunwa ko ƙyanda ta raunana. Hukumar lafiya ta duniya ta sa ta cikin jerin cututtukan da aka yi wa sakaci a watan Disamba 2023. In ba a yi magani ba, tana iya kashe tara cikin goma. Sakkwato tana da asibiti na musamman dominta tun 1999, a Damagaram ƙungiyar Sentinelles tana karɓar yaran tun 1992, a nan Tawa ma ƙungiyar Jamusawa ta Hilfsaktion Noma ta yi aiki a kanta.

Farkonta ba wani abin tsoro ba ne a ido: dasashi ya yi ja yana jini, baki yana wari, yaro yana dalalar da miyau yana ƙin abinci. A wannan mataki maganin kashe ƙwayoyin cuta da wanke baki da abinci mai gina jiki suna tsayar da ita. In aka bari kunci ya kumbura ya yi baƙi, cikin kwanaki kaɗan nama ke zubewa. Uwar da ta ga waɗannan alamu kada ta jira ranar kasuwa, kada ta jira mai gida ya turo kuɗi daga Abijan, ta kai shi CSI mafi kusa a ranar. Tun 2006 doka ta ce duba yaro ɗan ƙasa da shekara 5 kyauta ne a asibitin gwamnati, ko da yake wani lokaci magani kan yanke a rubuta ordinansi. In ma'aikacin jinya ya duba ido da ciki ya tsaya, ki ce masa: malam, a buɗe bakinsa ma a gani.